Ta Dama Direba Yake Zama

Ni ba na aikin "ai ya yi kama". Duk wanda ya taɓa aiki da ni ya san haka, shi ya sa ma ba su da yawa. Sana'ata gina abubuwa a cikin kwamfuta. A kawo mini zane da awo da tsofaffin hotuna, in tayar da abin da ya daɗe da ɓacewa, har mutum ya sa wani babban tabarau ya ga kansa a ciki, ya juya, ya duba sama da ƙasa. In noti shida ne a jikin ƙarfe, shida zan sa. Wani abokin aikina ya taɓa sa biyar ya ce wa zai ƙirga. Na ƙirga masa su a gaban kowa, tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Da gidan tarihi suka nemi wanda zai gina musu tsohon kan jirgin ƙasa mai tururi, lamba arba'in da bakwai, ban bari kowa ya riga ni ba. Ma'aikatan dogo Mai Tari suke ce masa, saboda sai ya yi tari uku kafin ya motsa. An yanyanka shi an narkar tun ina 'yar firamare. Babana ne ya tuƙa shi shekara ashirin da shida, kuma a gidanmu an fi jin labarin Mai Tari a kan labarin kakanninmu.

Shugaban sashen da ya ba ni aikin, Safar Hannu nake ce masa a bayan idonsa, don ko biro zai miƙo maka sai da farar safa a hannu. Ya shimfiɗa mini zanen kamfanin da ya ƙera jirgin, takarda goma sha tara. Tukunya, ƙafafu, bututun hayaƙi, akwatin kwal, komai yana nan da awonsa. Takarda biyu ne babu, na ɗakin direba, wai ruwa ya zubo ta rufin ma'ajiya wata shekara ya mayar da su kunu. Abin da ya rage na cikin ɗakin hoto ɗaya ne tak, irin na da, a jikin farantin gilashi. Ya ce ma'aikatansa za su kwafa mini shi a na'ura. Na ce a'a, ban yarda da hannun kowa ba. Na sa safarsa, na ɗauki gilashin da kaina, na ɗora a na'ura da kaina, na tafi da hoton gida ina jin kaina.

Wata biyar na yi a kan jikin jirgin. Baba yakan zo ɗakin aikina da hantsi, ya ja kujera ya zauna bayana, ya hana ni sakat. Wannan bututun ya yi siriri, wancan matakalar an lanƙwasa ta tun ranar da aka buge ta a tasha, fitilar gaba ba haka take kallo ba. Mu yi faɗa, in duba zane, sau da yawa in tarar shi ne da gaskiya, in gyara ba tare da na ce komai ba, shi kuma ya yi wani murmushi mai ban haushi ya ce a dafa masa shayi. Zafin raina a wurinsa na gado, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma waɗannan watannin ban taɓa ganinsa cikin walwala irin haka ba tun rasuwar Mama.

Shi kaɗai yake zaune a lokacin, a ɗaki ɗaya a saman tsohon benen ma'aikatan dogo. Matakala goma sha bakwai, taga ɗaya mai kallon filin da ake juya jirage, gado, risho, rediyo, da tsohuwar hular aikinsa a ƙusa. Makullin ɗakin a igiya yake rataye a wuyansa, har wanka da shi yake shiga. Yayana, babban wanmu, ya shekara biyu yana neman raba shi da ɗakin nan. Ba mugu ba ne Yaya, amma irin mutanen nan ne da suke son komai ya kasance inda idonsu yake gani. Baba ya taɓa barin buta a wuta ta ƙone, ya taɓa zamewa a matakala ta huɗu, shi ke nan Yaya ya riƙe waɗannan biyun yana jiran na uku. Ni ce kullum nake tare masa hanya. Nakan ce masa tsohon da yake gyara wa kamfani zane ba shi ne za a kulle a ɗakin baƙi ba.

Sai na shiga ɗakin direba. A hoton komai a fili yake: bakin wuta a tsakiya, kujerar direba a hagu, sandar sakin tururi ta karkato hagu, birki a hagu. A gaban kujerar akwai abin da Baba yake kira majuyi, wani dogon ƙarfe mai kaurin damtse, da zare nannaɗe a jikinsa irin na noti, direba yana murza shi in yana so jirgi ya yi gaba ko baya. Da na buɗa hoton sosai na lura zaren nan a karkace yake ta baibai, irin wanda ake ɗaurewa ta hagu. Na yi tsaki na ce mutanen da da neman magana, na gina shi yadda na gani. Matsala ta biyu ta fi wannan girma. A zanen waje akwai doguwar sanda da take tasowa daga ƙafafun jirgi ta shiga ɗakin direba ta gefen dama, kuma aikinta ta haɗu da majuyi. Majuyina yana hagu. Kwana uku ina neman yadda za su gamu, daga ƙarshe na yanke cewa dole akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin daɓe da ya ratsa ya haɗa su, hoto ne bai nuna ba. Na ƙera shi, na sa masa noti takwas, na rufe da katako.

Ranar da na gama na kira Baba ina rawar jiki. Na zaunar da shi, na sa masa tabarau, na ja baya ina jiran in ga tsoho ya yi hawaye. Ya juya kai hagu, ya juya dama. Ya miƙa hannu cikin iska ya kama babu. Sai ya cire tabarau ya ajiye a cinyarsa.

"Auta, wa ya juya miki ɗakin? Ta dama direba yake zama."

Na yi dariya tukuna, na ce hoton yana nan. Na buɗe masa a babban allo. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ɗakin Mai Tari ne kam, ga ma inda fentin ya ɓare kusa da agogon tururi, amma ba a nan kujera take ba. Na ce Baba, hoto ne fa. Ya ce ko hoton uban wa ne. Na ce wataƙila wani jirgin yake tunawa, tunda ya tuƙa wasu bayan wannan. Nan ya miƙe tsaye. Ya ce shekara ashirin da shida yana zaune a wuri ɗaya, ni da ban taɓa jin warin kwal ba zan gaya masa inda ɗuwawunsa yake? Zuciya ta ciyo ni. Wata biyar yana gyara ni ina haɗiyewa, yau ga abu a fili ƙiri-ƙiri kuma ba zai ce ya yi kuskure ba.

"Gani ya kori ji, Baba," na ce. "Ka tsufa, ka manta. Ba laifi ba ne."

 Ya ɗauki sandarsa ya fita, shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Washegari tsohon nan ya saka rigarsa mai kyau ya tafi gidan tarihi shi kaɗai, ya wuce mai gadi, ya shiga ofishin Safar Hannu ana tsakiyar taro, ya ce musu za su nuna wa jama'a ƙarya. Safar Hannu ya kira ni a waya da muryarsa mai laushi kamar ta mai jinya, ya ce yana girmama dattawa, amma gidan tarihi da shaida yake aiki, ba da tunanin tsofaffi ba, kuma in zan kasa tsawata wa iyalina akwai wasu masu wannan sana'ar. Na zo na tarar da Baba zaune a benci a baranda, mai gadi tsaye a kansa. Kunya da haushi suka rufe mini ido. Na sa shi a mota na mayar da shi ɗakinsa.

Yaya ya ji labari, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya ce a kai shi likita a duba shi kawai, ba wani abu ba. Na bi su. Likitar ta tambayi Baba ranar wata, ya faɗa. Ta ba shi kalma uku ya riƙe, ya riƙe biyu, ta ukun ya ce ba ta da amfani ne shi ya sa. Ta sa shi ya zana agogo, ya zana har da mai sakan. Daga nan ta juyo gare mu ta tambaya ko mun lura da wani sauyi a gida. Yaya ya kawo butarsa da matakalarsa. Ta rubuta, ba ta nuna ta damu ba. Sai ta kalle ni, ta ce ni da nake ganinsa kullum fa?

Wallahi na san abin da nake yi. Ba zan ce baki ne ya suɓuce ba. Har lokacin ina jin zafin wayar Safar Hannu a kunnena, ina so wani mai farar riga ya gaya wa tsohon nan cewa ni ce da gaskiya.

"Ya fara rikita hagu da dama," na ce. "Wurin da ya yi shekara ashirin da shida a ciki, ya juya shi a kansa. Kuma in an nuna masa hujja sai ya hau faɗa."

Wannan ta rubuta da tsawo. Baba yana zaune tsakaninmu, hannunsa a kan makullin wuyansa, yana kallon bango.

A satin aka kwashe shi zuwa gidan Yaya. Likita ba ta ce a kulle shi ba, cewa ta yi a sa ido, amma Yaya ba ya jin rabin magana. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu, ya ba shi ɗakin baƙi na ƙasa mai taga tana kallon katanga. Matar Yaya mace ce mai kirki, kirkin da yake shaƙe mutum. Ta ɗauke risho, ta ɗauke reza, ta ɗaura masa jan zare a hannun dama wai don kada ya rikice. In zai fita ƙofar gida sai an tambaye shi ina zuwa. Ni kuwa na ce ai gara haka, na koma kan aikina. Na yi wa ɗakin direba tsatsa da baƙin hayaƙi, na sa wuta tana ci a murhu, na sa tari ukun nan kafin ya tashi. Safar Hannu ya gani ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, aka sa ranar buɗewa.

Sati bakwai ban leƙa gidan Yaya ba. Ina cewa aiki ne, amma ba aiki ba ne. Ranar da na je, da rana tsaka, na tarar matar Yaya ta fita, Baba yana zaune a bakin gado da roba ta ruwan ɗumi yana ƙoƙarin wanke ƙafa, bayansa ya ƙi lanƙwasuwa. Ya rame. Ya ce mini sannu da zuwa kamar baƙuwa. Na ajiye jaka na durƙusa na ce kawo. Na naɗe masa wando zuwa gwiwa.

Ƙaurinsa na dama irin na kowane tsoho ne, da farin gashi jefi-jefi. Na hagu kuwa sumul yake, ba gashi ko ɗaya, fatar tana ƙyalli, da dabbare-dabbare masu duhu daga idon sawu har gwiwa. Na san ƙafar nan tun ina rarrafe. Muna yara mukan ce ƙafar Baba ta gasu, shi kuma ya ce eh, Mai Tari ne ya ci rabonsa, don ita ce take kusa da bakin wuta. Sau dubu na ji wannan maganar. Ina riƙe da ƙafar a cikin ruwa sai lissafin ya zo da kansa. Wuta a tsakiya take. Mutumin da yake kallon gaba, wuta tana gasa masa ƙafar hagu, a ina yake zaune? Na ɗaga kai na dubi gwiwar hannunsa ta dama, ga kanta ta fito baƙa ƙirin, inda ya shekara da shekaru yana dogara ta a bakin taga.

Ban gama wanke ɗayar ƙafar ba. Na ce masa ina zuwa.

Safar Hannu ya ce ba a fito da farantin gilashi sai da takardar izini ta kwana uku. Na ce masa ko ya fito da shi ko in tsaya a ƙofarsa in yi ta magana har a tashi, kuma ya san ina iyawa. Ya fito da shi. Na ɗaga gilashin a hasken taga. Fuska biyu gare shi, ɗaya mai santsi da ƙyalli, ɗaya mai dishi-dishi inda hoton yake manne. Na tambayi matar da take kula da na'urar, wadda na ƙi yarda da hannunta, wace fuska ake kifawa. Ta ce mai dishi-dishin, kullum, in ba haka ba hoto a juye yake fita. Ta faɗe shi ne kamar mai gaya maka rana daga gabas take fitowa. Na tuna sarai yadda na yi. Na ga fuskar dishi-dishin kamar mai saurin ƙujewa, na ce bari in kare musu kayansu, na mayar da ita sama.

Muka sake kwafa. Kujera ta koma dama. Birki ya koma dama. Majuyi ya tsaya daidai inda doguwar sandar waje take shigowa, zarensa ya miƙe irin na kowane noti a duniya. Tun farko ƙarfen ya gaya mini, zanen kamfani ya gaya mini, ubana ya gaya mini. Ni mai ƙirga wa mutane noti, na zauna na ƙirƙiro ƙarfen da ba a taɓa yi ba, na sa masa noti takwas na ɓoye a ƙarƙashin daɓe, don dai kada in ce tsoho ya fi ni sani. Haushin da na ji ban san inda zan kai shi ba. Safar Hannu ya fara cewa ai kuskure ne na kowa, kuma tunda an buga takardun gayyata, mai zai hana a bar shi haka, wa zai gane? Na ce masa akwai mutum ɗaya da ya gane, kuma shi ne wanda aka sa mai gadi ya tsaya a kansa. Na ce a ɗaga ranar ko a cire sunana. Na fita na bar masa safarsa a tebur.

Ba a juya ɗaki irin wannan da danna maɓalli ɗaya. Kowane bututu sai an sake bin sa an ga inda ya fito da inda ya nufa. Kwana goma sha ɗaya na yi. Ƙarfen ƙaryar nan shi na fara gogewa, noti ɗaya bayan ɗaya, ina zagin kaina da sunan da ba zan maimaita ba. Ban kira kowa na faɗa ba, ina so in je wa Baba da abin a hannu. Wannan ma wani girman kan ne, yanzu na gane. Kwana goma sha ɗaya na ƙara masa a ɗakin nan don kawai in shigo da gyararren aiki.

Na je da safe, da kwamfuta da tabarau. Yaya yana gida. Na tara su a falo, na faɗi komai a tsaye: gilashi, fuska biyu, hannuna, ƙarfen da na ƙirƙira. Na ce abin da na gaya wa likita ba gaskiya ba ne, Baba bai taɓa rikita komai ba, ni ce na kifa hoto. Yaya ya ce to ai buta fa, da matakala? Na ce shi bai taɓa ƙona buta ba? A bara wa ya bar mota a kunne ya shiga wanka? Ya ce ni ce fa na faɗa da bakina a gaban likita, yanzu kuma in zo in ce a kwance. Na ce eh ni ce, kuma ni zan koma in sa ta goge. Ya ce magana zarar bunu ce. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce, sai na ƙara ɗaga murya. Matar Yaya tana ta cewa a yi haƙuri, yara suna ji.

Baba yana kujerar kusurwa duk wannan lokacin, jan zarensa a hannu. Na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini, ya sa tabarau ya gani. Ya ce ba sai ya sa ba. Na matsa, ya sa.

Na ga hannunsa na dama ya tashi da kansa ya sauka a kan majuyi, daidai, ba lalube. Na hagu ya miƙe sama ya kama sandar tururi. Gwiwar hannunsa ta nemi bakin taga. Har ƙafar hagun nan ya ɗan janye, kamar wutar tana dukanta. Na danna, Mai Tari ya yi tarinsa uku.  Sai ya saki komai, ya cire tabarau da sauri ya miƙo mini.

"Auta, kada ki ɓata aikinki saboda ni. Mayar da shi yadda yake a hoto."

Na ce Baba, wannan shi ne hoton, wancan ne juyayye.

"Na yi ta tunani a ɗakin nan," ya ce. "Kullum in na kwanta sai in zaunar da kaina a hagu, in ga ko zai zauna. Yanzu ya fara zama. Ku kuka yi karatu. Ni kaina ya tsufa."

Da ya zage ni, da ya ɗaga sanda, da na ji daɗi. Mutumin da ya shiga taron manya ya ce musu ƙarya suke yi, shi ne yake ba ni haƙuri a kan gaskiyarsa. Na juya wurin Yaya na miƙa hannu. Ban yi ihu ba wannan karon. Na ce makulli. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya dubi tabarau a hannuna. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da shi da igiyarsa, ya ce in wani abu ya faru a wuyana. Na ce na ɗauka. Na ciro almakashi daga jakata na yanke jan zaren nan na ajiye wa matar Yaya a kan tebur.

A mota na yi ta surutu. Na ce za a ɗaga ranar buɗewa, shi zai fara sa tabarau a gaban kowa, Safar Hannu da kansa zai ja masa kujera. Na ce gobe za mu koma wurin likita. Na ce akwai bututu biyu a bayan agogon tururi da har yanzu ban gane inda suka nufa ba, sai ya zo ya duba mini. Yana ta cewa to, to. Da muka zo mararrabar da ake karyawa zuwa benen ma'aikata, inda ya saba ce mini na yi saurin karya kan mota tun ranar da na fara tuƙi, bai ce komai ba.

Matakala goma sha bakwai ɗin ya hau su da kansa, ya ƙi in riƙe shi, har raina ya fara yin sanyi. Ƙofar tana nan yadda aka bar ta, ƙura ta kwanta a bakin dokinta. Ta tagar baranda ana jin wani jirgi yana ja da baya a fili. Na rataya masa igiyar a wuya yadda take a da. Ya sunkuya, ya zura makulli a rami. Shekara arba'in da ɗaya yana buɗe ƙofar nan, da kaya a hannu, da zazzaɓi a jiki, da ni a kafaɗarsa ina barci.

Ya tsaya riƙe da makullin bai murɗa ba. Na jira. Sai ya juyo ya kalle ni, ya yi ƙasa da murya kamar kada maƙwabta su ji.

"Auta, ta ina ake murɗawa? Hagu ko dama?"